Ina Lambun Kusugu?

Rijiyar da ake cewa ba ta taɓa ƙafewa ba, a garin da damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, ai sai mutum ya zaci zai tarar da kewayenta kore shar. Amma wanda ya je Kusugu a birnin Daura zai iske rijiyar cikin gini, gidaje da lunguna sun yi mata zobe. Babu fangali, babu jerin itatuwa, kuma labarin da aka gada bai ambaci lambu a wurin ba. Ga ruwa, ga ƙasa, ga manoma. Me ya hana?

Amsar da ke fara zuwa baki ita ce tsoro. Maciji ne a ciki, mai suna Sarki, wa zai je ya yi shuka a ƙofar gidansa? Sai dai wannan amsa ba ta jure bincike. Girkawan da ma suna da irin wannan labari: Kadmus ya kashe macijin da ke tsare wani marmaro, sannan ya kafa birnin Tibis. Kuma a ƙasarsu wuraren da ake shakka su ne suka fi itatuwa, domin kurmin da ke kewaye da marmaro ko wurin bauta ba mai sa masa gatari. Haka Tarihin Kano ya ba da labarin kurmin Jakara, wanda mutanen Barbushe ke girmamawa. Ashe tsoro raya bishiya yake yi.

Masu cewa Bahaushe bai san lambu ba kuwa, a kai su fadama da rani su ƙirga fangalin albasa.

Bakin zaren yana cikin labarin kansa. Da Bayajidda, baƙon da ya kashe macijin, ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, ta ce ba a samu sai ranar Juma'a. Me ya karɓa a hannunta? Guga. Ruwan Kusugu da igiya yake fitowa, guga ɗaya bayan ɗaya, ya hau kai a tulu ya tafi gida. Ko an kashe maciji, igiya tana nan. Abin da ya rage a gano shi ne irin shukar da ruwan igiya ke iya ɗauka, kuma shaidar da ta fi kowace ƙarfi a kan wannan tana Italiya.

A shekara ta 79 Miladiyya dutsen Besubiyas ya yi aman wuta ya binne garin Fomfei. Itatuwan garin suka mutu a tsaye, saiwoyinsu suka ruɓe a hankali, tsakuwar dutsen ta gangara ta cike gurbinsu. Daga 1961 wata malamar Jami'ar Maryland ta Amurka, Wilhelmina Jashemski, ta shiga aikin tono a can. Takan sa a share ƙasa har a kai daɓen ranar da abin ya faru, a tsince tsakuwar daga kowane rami da dogayen ƙarafa, a zura waya, a ɗura siminti. Idan ya bushe a haƙe gefensa, sai ga siffar saiwar ta fito, har masana tsirrai su yi hasashen ko ɓaure ce ko inabi.

Kafin nan an ɗauka kowane tsakar gida na Romawa furanni ne da ƙananan shuke-shuke da aka daidaita wa aski. Gidan Bettii na Fomfei haka yake: baranda mai ginshiƙai ta zagaye lambu, gumaka suna tsarto ruwa cikin kwatarniyoyin marmara, bututun dalma na kawo shi ba dare ba rana. Amma da aka tone tsakar gidan Yuliyus Folibiyus, wanda ruwan rufinsa ake tarawa a matattarar ƙarƙashin ƙasa, sai aka sami saiwoyin manyan itatuwa biyar cunkushe a ɗan fili, har da sawun wani dogon tsani na tsinkar 'ya'yan itace. Gari ɗaya, zamani ɗaya, lambu iri biyu.

Bambancin na ruwa ne. Rijiyoyin Fomfei sukan wuce mita 20 a zurfi, cikin dutse aka sassaƙa su. Sai zamanin Sarki Agustus aka jawo wa garin ruwa ta doguwar magudana daga tsaunukan Serino. Wanda ya sami reshen bututu ya yi furanni da maɓuɓɓuga, wanda ya ci gaba da jan igiya ya zauna da bishiya, domin ita shayarwar shekarun farko kawai take so, daga nan ta nemi abinta a ƙasa.

Girkawa ma sun fi kusa da mu. Tsakar gidajensu na zamanin ɗaukakar Atina daɓe ne ko shimfiɗar dutse, lambuna suna bayan ganuwa a bakin ƙoramu. Marubuci Fulutak ya ce wurin da ake kira Akadimiya a Atina busasshe ne har sai da Kimon, wani jagoran birnin, ya kai masa ruwa, a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, sannan ya zama kurmi mai inuwa, inda daga baya Aflaɗun ya koyar. Kimon ne kuma ya dasa itatuwan inuwa a dandalin kasuwar birnin, aikin da durumi da ceɗiya ke yi a ƙofar fada a ƙasar Hausa.

To ga inda lambun Kusugu ya shiga. A da rijiyar sha ce ta gari guda, ba a zubar da ruwanta a ƙasa da gangan. Shukar da ta raya tana ƙarshen tafiyar tulu, a warwatse cikin gidaje. Leƙa tsakar gida irin na gargajiya ka duba inda bishiyar take. Ba kasafai za ka gan ta a tsakiya don ado ba. Tana gindin randa, ko inda maigida ke tsugunawa da buta, ko bakin rariyar wanke-wanke. Ruwan alwala sau biyar a rana ya ishi lalle, zogale, lemun tsami ko gwanda, kuma ba a ƙara ko guga ɗaya dominsu ba. A ganina wannan tsari ne cikakke, ko da ba wanda ya zana shi a takarda. Shi kuwa lambun albasa da tumatir da barkono, mai shan ruwa kamar raƙumi, ya koma fadama inda ruwa ke kusa da sama, jigo ya ɗago shi a da, yau injin ban-ruwa, ko bakin madatsai irin na Sabke da Daberam.

Ciyawar ado da furanni a layi sun shigo daga baya, kuma kafin ka gan su a gida za ka fara hango tankin rijiyar burtsatse a kan ƙarfe. Wannan tanki shi ne bututun gidan Bettii.