Dinya a Ƙasa, Shirwa a Sama

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Batsari da Safana, daga Ruma zuwa Runka, ya san wannan: ana zaune a tsakar gida da hantsi, sai kaza ta ɓarke da wani irin kuka, 'yan tsaki su ruga ƙarƙashin rumbu, yara su ɗaga kai suna ihu suna jifa. Kafin a ankara inuwa ta gifta, ɗan tsako ɗaya ya tafi. In aka tambayi wane ne ɓarawon, wani ya ce shaho ne, wani ya rantse shirwa ce. Yankin ƙasa ce ta duwatsu da gonaki da fadamu, ga Dajin Rugu ya miƙe ta yamma har iyakar Zamfara, shi ya sa tsuntsaye suke da yawa, kuma kowane da halinsa.

Dinya da faɗanta

Kafin mu ɗaga kai sama, mu fara da wadda ke tare hanya a ƙasa. Dinya, da "d" maras lanƙwasa, tsuntsuwa ce. Ɗinya kuwa itaciya ce da ake shan 'ya'yanta. Dinyar daji ita ce mafi girma cikin tsuntsayen ruwa na Afirka: baƙa ce mai farin ciki da jan baki, namijin yakan kai kilo shida zuwa bakwai. A gwiwar kowane fiffike tana da wani ƙashi mai tsini kamar ƙaya, da shi take faɗa. Mazauninta manyan fadamu da tafkuna ne, an kuma fi saninta a dausayin Haɗeja da Nguru. Ta gida, wadda wasu ke kiwo tare da agwagi, asalinta daga Turai da Asiya ne.

Dinya ba mafarauciya ba ce. Ciyawa da hatsi ne galibin abincinta. Faɗanta na tsaron gida ne, ya kuma fi tsanani lokacin da macen ke kwanci ko take tafe da 'ya'ya. Takan yi gargaɗi tukuna: ta sunkuyar da wuya ta miƙa shi gaba, ta buɗe fukafukai, ta yi huci kamar maciji. Gefen bakinta yana da kaushi irin na zarto, in ta kama ƙauri sai ta murɗa, tana haɗawa da dukan fiffike. Wanda ya juya baya ya zuba da gudu, ya ba ta ƙofa. Dabarar ita ce a fuskance ta, a ja da baya sannu a hankali, in akwai ƙaramin yaro a ɗauke shi. Wannan tsiwa tana da rana: tarihin Rumawa ya ce kukan dinya ne ya tayar da masu gadin birnin Rum da dare, wajen shekara 390 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da mahara suka lallaɓo.

Yadda ake gane na sama

Tsuntsun da ke shawagi a ƙarƙashin rana baƙi yake fitowa, don haka launi bai cika taimako ba. A dubi wutsiya, a dubi fiffike, a lura da salon tashi.

Shirwa ta fi kowa sauƙin ganewa: wutsiyarta a rabe take a ƙarshe, tana kuma karkata ta hagu da dama tana sarrafa iska. Ita ce mai kewaya kasuwa da mahauta, ita ce kuma ke taruwa a kan hayaƙi in an sa wa daji wuta, tana cafke fara da ɓerayen da ke gudu. Ba banza aka ce kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa ba.

Sunan shaho ya rufe tsuntsaye fiye da ɗaya. Akwai mai dogayen fukafukai masu tsini kamar lauje, wanda ke sheƙa a kan duwatsu, ya dunƙule ya faɗo wa kurciya daga sama. Wani ɗan'uwansa yakan zarce gudun kilomita 300 a awa a irin wannan faɗowa. Akwai kuma ƙarami mai launin toka, da jan ido, da gajerun fukafukai, da doguwar wutsiya; shi yakan lafe cikin ganyen darbejiya, ya yi wuf ya sure ƙadangare ko ɗan tsako.

Gaggafa kamar ba ta da wutsiya. Har ƙafafunta jajaye sukan leƙo ta baya. Fuskarta ja, jikinta baƙi, ƙarƙashin fiffike fari, tana tafe tana rangaji a iska ba tare da yawan kaɗa fiffike ba. Mikiya kuwa faɗin fukafukanta ya haura mita biyu, ga hangen nesa. A 1973 wata mikiya ta yi karo da jirgin sama a sararin Abijan, a tsayin mita 11,300 daga ƙasa.

Ungulu, wadda ake rainawa

Ungulu tana da sanƙo da siririn baki, faratanta kuma ba su da ƙarfin surar abu mai rai. Mushe take ci, da abin da mahauta suka zubar, ta kawar da shi kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta. Manya za su tuna lokacin da ba a yanka a mayanka ba tare da ungulaye sun yi sahu a kan katanga ba. Yau sai a ci kasuwa a watse ba a ga ko ɗaya ba. Guba, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai, da farautarta don tsubbu sun ƙarar da ita, ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a kwanci. Tun 2015 hukumar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa ta a sahun waɗanda ke gab da ɓacewa, tare da mikiya. Indiya ta ɗanɗana kuɗarta: daga shekarun 1990 wani maganin dabbobi ya hallaka fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu ungulayenta, mushe ya yi yawa, karnukan sake suka cika gari.

Saboda haka, mai karatu, in inuwa ta gifta tsakar gidanku, ɗaga kai ka dubi wutsiya kafin ka ɗauki danƙo. In a rabe take, kife 'yan tsaki da kwando, ka huta. In kuwa mai sanƙo ce, ƙyale ta ta sauka: aikin tsabtar gari ta zo yi.