Yaro Ya Ƙi Abinci: Zaɓe Ne Ko Ciwo?

Duk wanda ya tashi a gidan yawa cikin birnin Katsina, ko a Rafin Daɗi ko a Ƙofar Marusa, ya san rigimar nan ta safe. Uwa ta matse ɗanta a cinya, ta toshe masa hanci, ta tara tafin hannu a bakinsa tana tsiyaya kunu, shi kuwa yana haɗiya yana shure-shure. Wannan ita ce ɗura. Hujjar da akan bayar ɗaya ce: yaron da bara ba ya ƙin komi, bana tun da aka yaye shi sai kau da kai yake yi daga kwano.

Sau da yawa raguwar cin nan tana cikin tsarin halitta. Jaririn da aka haifa da nauyin kilo 3 yakan kai kilo 9 ko 10 idan ya cika shekara, wato ya ninka sau uku. A shekara ta biyu kuwa abin da yake ƙarawa bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba. Idan gini ya rage sauri, dole buƙatar tubali ta ragu. Ga shi kuma cikinsa ƙarami ne. Masana sun ƙiyasta cewa yana ɗaukar kimanin mililita 30 ga kowane kilo na nauyin jiki, saboda haka yaro mai kilo 10 ba zai iya shanye ruwan leda guda a zama ɗaya ba. In aka cika wannan ɗan wuri da tsinkakken koko, an cika shi ne da ruwa. Kunu mai kauri da aka sa wa gyaɗa ko waken suya ya fi shi nesa ba kusa ba.

A shekarar 1991 wata masaniya a Amurka, Leann Birch, ta bi diddigin abin da yara 15 masu shekara 2 zuwa 5 suke ci. Ta tarar yaro zai cika ciki da safe, da rana ya ɗan taɓa kawai, amma in aka haɗa jimillar yini sai a ga ba ta cika sauyawa ba. Ashe jikinsa yana riƙe da lissafin da uwar ba ta gani. Ƙin baƙon abinci ma, kamar zogale ko kabewa, ɗabi'a ce ta waɗannan shekaru, kuma akan kai yaro sau goma ko fiye ana miƙa masa abu kafin ya karɓa.

To amma fa a yi hattara, mai karatu. Yaran Birch lafiyayyu ne, a gidajen da abinci ya wadata. A Katsina, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin jinyar masu tamowa a 2021, ƙin cin abinci yana iya zama alamar haɗari. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da ƙarancin jini duk suna kashe sha'awar abinci, haka ma tamowar kanta idan ta yi nisa. Shi ya sa a cibiyoyin tamowa ake yin gwajin ci: a ba yaro haɗin niƙaƙƙiyar gyaɗa da madara da ake kira Plumpy'Nut, a zauna a lura. Wanda ya ci akan ba shi ya koma gida, wanda ya kasa kuwa sai a ba shi gado.

Yaya za a bambance mai zaɓe da mara lafiya? A ganina ma'auni ya fi ido gaskiya, balle idon kaka mai tausayi. Mai zaɓe yana wasa, yana ɓarna, kuma layin nauyinsa a katin asibiti yana hawa ko da a hankali ne. Mara lafiya yakan yi lamo, nauyinsa ya tsaya ko ya sauka, wani lokaci ƙafafunsa biyu su kumbura. Daga wata 6 zuwa shekara 5, idan kewayen dantsensa ya gaza santimita 11.5, tamowar ta tsananta, a garzaya asibiti a ranar.

Ɗura ba ta amfanar ko ɗaya daga cikinsu. Yaron da aka toshe wa hanci yana neman numfashi ne da baki, kunun kuwa yana iya bin hanyar iska ya sauka cikin huhu, ya haddasa ciwon namoniya ko ya shaƙe shi nan take.