Takin Da Ke Sauka Daga Sama, Da Abin Da Ya Ke Yi Wa Gandun Itatuwa

Iskar da mu ke shaƙa, kashi 78 cikin 100 nata wani sinadari ne da a ke kira naitirojin. Shi ne kuma jigon takin zamani, wanda ke sa ganye ya yi kore shar. Amma itace ba ya iya cinsa kai tsaye daga iska, sai an sāke masa kama. Tun fil'azal walƙiya ta kan yi wannan aiki kaɗan, ruwan sama ya kawo shi ƙasa. Wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a saiwar gyaɗa, da wake, da gawo, su ma su kan yi.

Yanzu ayyukan mutane sun ƙara yawansa ƙwarai. Hayaƙin motoci da masana'antu, da tururin amoniya mai tashi daga kashin dabbobi da takin gona, duk su kan hau sama, sa'an nan su komo ƙasa tare da ruwa ko ƙura.

Abin Da Ya Faru A Holan

A ƙasar Holan akwai wani yanki mai rairayi da a ke kira Veluwe, inda aka dasa itatuwan fayin masu yawa domin katako. Kewaye da shi kuwa akwai gidajen kiwon kaji, da aladu, da shanu. Wajen shekarun 1980, a wasu dazuzzukan ƙasar naitirojin da ke sauka ya wuce kilo 50 a kowace hekta cikin shekara, alhali masana sun ƙiyasta irin waɗannan itatuwa ba sa jure wa fiye da wajen kilo 15.

Da fari itatuwa su kan yi saurin girma, har mai gandu ya yi murna. To, amma in ka ji ganga na zaƙi, ta kusa fashewa. Abin da itace ya kasa ci ya kan sa ƙasa ta yi tsami. Tsamin nan ya kan saki kalsiyam, da magnisiyam, da fotasiyam, ruwa ya wanke su zuwa can ƙarƙashi inda saiwa ba ta kaiwa. Ya kan kuma narkar da alminiyam na cikin ƙasa, wanda ke ɓata ƙananan saiwoyi. Dangin laimar kwaɗi da ke manne da saiwa suna taimakonta shan ruwa da abinci, su ma sai su ragu. Ta haka itace ya kan ƙoshi da abinci guda, ya rasa sauran, ganyensa ya yi rawaya, fari da ƙwari su fi ƙarfinsa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga itace ba. A 1994 masana a Holan suka nuna dodon koɗi ya ragu a dazuzzukan da ƙasarsu ta yi tsami, har wasu ƙananan tsuntsaye da ke samun kalsiyam daga ƙwansonsa suka riƙa yin ƙwai mai raunin ɓawo. A 1999 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Gotenbag domin rage irin wannan hayaƙi. A 2019 kuma babbar kotun mulki ta Holan ta soke tsarin da gwamnati ke bi wajen ba da iznin ayyukan da ke ƙara naitirojin.

Abin Lura Ga Hakimai

A ƙasar Hausa yawancin ƙasa ƙarancin naitirojin ke damunta. Ƙurar hunturu ma ta kan kawo kalsiyam da fotasiyam. Duk da haka darasin ɗaya ne: itace na bukatar abinci iri iri, kowanne daidai gwargwado. Saboda haka ya kamata hakimai da dagatai su hana cinna wuta a gandun dalbejiya ko na turare, gama wuta ta kan kori naitirojin na ganye zuwa sama. A kuma bar busasshen ganye ya ruɓe a gindin itace, domin ta nan ne abin da saiwa ta ɗauka ke komawa ƙasa. Malaman da ke riƙe da littafin gandu su riƙa rubuta duk inda ganye ya soma sāke launi, su sanar da ma'aikacin daji.