Babu Ganga A Cikin Fiyano, To Daga Ina Kiɗan Yake Fitowa?

Jama'a, a wani biki a Gariki, nan Enugu, na ga yaro shi kaɗai da fiyano yana fitar da ganga da sarewa da algaita. Wani dattijo ya ce, "Kai, wannan sai aljanu!" Na ce, Baba, ba aljanu ba ne, lantarki ne.

Sauti dai girgizar iska ce. A cikin na'urar da ake kira sintisaiza, sashe na farko yana kaɗa wutar lantarki, lasifika ta mayar da kaɗawar sauti. In ta kaɗa sau 440 a daƙiƙa, murya ɗaya ke nan. In ta kai 880, muryar nan ce dai amma ta ƙara siranta. Na biyu kamar rariya yake, yana tace kaifin sautin ya yi taushi. Na uku ke tsara tashin sauti da mutuwarsa: na ganga ya buga ya ɗauke nan take, na algaita ya ja dogo.

Robert Moog ya fito da tasa na'urar a Amurka a 1964. A garin nan kuwa, marigayi William Onyeabor, wanda ya rasu a 2017, ya yi faya-fayai da irinta.

Fiyanon yanzu galibi sautin kayan kiɗa na gaske aka naɗa aka zuba masa, shi ya sa waƙoƙinmu da yawa suke kama da juna. Matasanmu masu situdiyo, ku koyi murɗa sassan nan uku, kiɗanku ya fita daban.