Illar mutuwa babu wasiyya

Shahararren mawaƙin nan na Amurka, Prince, ya rasu a watan Afrilun 2016 ba tare da ya bar wasiyya ba.

Da yake ba shi da mata ko 'ya'ya, wata kotu a jihar Minnesota ce ta tantance 'yan uwansa shida a matsayin magada.

Sai a shekarar 2022 aka kammala shari'ar, bayan da aka ƙiyasta dukiyar a kan kimanin dala miliyan 156. Kafin nan biyu daga cikin magadan sun rasu, kuma haraji da kuɗin lauyoyi sun cinye kaso mai yawa.

Wasiyya ita ce ke fayyace wanda zai samu me, da kuma wanda zai kula da rabon.

Akwai kuma tsarin amana, inda mutum kan damƙa dukiyarsa ga amintacce tun yana raye domin amfanin iyalinsa. A Amurka, irin wannan dukiya kan isa ga iyali ba tare da jiran kotun gado ba.