Daga Shamuwa Zuwa Tuwon Shinkafa: Masu Ɗaukar Hoto Don Sha'awa

Duk shekara, idan bazara ta yi nisa, shamuwa kan sauka a ƙasar Hausa. Tana baro kudanci da gabashin Afirka inda ta yi rani, ta zo ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiyar tsakiyar gari, manoma kuma su shiga sharar gona don sun san ruwa ya kusa. A 'yan shekarun nan ta sami sababbin masu tarba: samari da 'yan mata riƙe da waya, an ɗaga hannu sama ana son a ɗauke ta hoto. Abin da yawanci ke fitowa ɗigon baƙi ne a tsakiyar farin sama. Nan take sai a ɗora wa wayar laifi, a ce kyamararta ba ta da kyau.

Wayar tana da nata laifin, amma bai kai yadda ake faɗa ba. An yi gilashin babbar kyamararta ne don ya kwaso fili mai faɗi, irin na taron biki ko cikin ɗaki, kuma a ma'aunin masu hoto bai cika wuce milimita 24 zuwa 28 ba. Waɗanda ɗaukar tsuntsaye ta zama sana'arsu da gilashi mai milimita 400 zuwa 600 suke aiki, wanda ke jawo abu ya ninka girma sau 15 ko fiye. Buɗa yatsu biyu a fuskar waya ba ya cike wannan giɓi. A yawancin wayoyi yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya kumbura shi, shi ya sa tsuntsun ke fitowa dishi-dishi. Wanda ke da madubin hangen nesa yana iya manna kyamarar wayar a bakin idon madubin, dabarar da masu kallon tsuntsaye suka daɗe suna yi, kuma tana aiki idan hannu bai rawa. Wanda ba shi da shi, dole ɗaya daga cikin biyu: ya matsa kusa da tsuntsu, ko ya sa tsuntsu ya matso kusa da shi.

Wannan matsala ta girmi waya nesa ba kusa ba. A Ingila, wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, sun fitar da littafi kan sheƙunan tsuntsayen ƙasarsu a 1895, wanda ake lissafawa cikin littattafan halittu na farko da aka ƙawata da hotunan kyamara zalla maimakon zane. Kyamarorin lokacin manyan akwatuna ne masu nauyi. Don su kusanci tsuntsu, sai suka sa aka yi musu gunkin bijimin sa da fatarsa ta gaske, cikinsa holoƙo, mutum ya shige da kyamararsa ya yi sa'o'i a duƙe yana leƙe ta wata kafa a ƙirjin san. Maharbin ƙasar Hausa ba zai yi mamaki ba, domin shi ma kan burtu yake ɗaurawa a goshi, ya sunkuya yana tafiyar tsuntsu har ya isa ga abin da yake fako.

Mai sha'awa na yau ba ya buƙatar fatar sa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da ruwa ya yi wuya a daji, kasko ɗaya na ruwa a gefen tsakar gida ya isa. Idan aka ajiye shi kusa da wata bishiya ko danga, inda tsuntsu zai fara sauka ya duba kafin ya dira, cikin 'yan kwanaki kurciyoyi da ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba za su mai da wurin mashayarsu. Sai a jingine wayar da dutse taku ɗaya ko biyu daga kaskon, daidai tsayin idon tsuntsu, mutum ya koma gefe ya zauna shiru. Wayoyi da yawa suna ɗaukar hoto idan aka danna maɓallin ƙara sauti na abin sauraro da ake sawa a kunne, don haka ba sai an taɓa wayar ba. Tsayin idon nan yana da muhimmanci ƙwarai. Hoton da aka ɗauka a tsaye ana kallon ƙasa bayan tsuntsu da turɓaya kawai yake nunawa. Wanda aka ɗauka daga ƙasa shi ke kawo ƙwayar idonsa, kuma idan ido ya fito tar, mai kallo yakan yafe sauran kurakurai.

Sai maganar haske, wadda ita ce rabin aikin. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana ba ta daɗewa a ƙasa-ƙasa, da ta ɓullo take miƙewa sama. Hasken nan mai laushi, mai ɗan ja-ja, da ke fito da launin gashin tsuntsu bai fi na sa'a guda ko biyu ba bayan fitowar rana, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Da hantsi ya dubi ludayi an shiga wani hali: inuwa ta yi baƙi ƙirin, fari ya ƙone. Balbela ce ta fi shan wahala, don a tsakar rana takan fito kamar farar takarda ba alamar gashi. Maganin shi ne a juya wa rana baya, a taɓa tsuntsun a fuskar waya don kyamara ta san shi ake nufi, sannan a ja alamar haske ƙasa kaɗan. Idan kuma baƙin tsuntsu ne a farin sama, kamar shamuwar ɗazu, sama ake jan alamar. Tsuntsu mai tashi yana buƙatar kyamara ta buɗe ta rufe cikin kashi 1 bisa 1000 na daƙiƙa ko ma fiye da haka sauri, abin da ba ya samuwa sai da wadataccen haske. Shi ya sa gwanaye ke ɗaukar hotuna a jere da yawa su zaɓi ɗaya su share saura, ba tare da jin kunya ba.

Wanda ya gaji da tsakar gida yana da inda za shi. Nijeriya tana da tsuntsaye sama da iri 900, kuma fadamun Haɗeja da Nguru, tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, suna cikin wuraren da masana tsuntsaye na duniya suka sani da suna. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin fadamu masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Dagona da Baturiya sun biyo baya a 2008. Daga Nuwamba zuwa Maris, agwagin daji da tsuntsayen bakin ruwa da suka gudo wa sanyin Turai, suka ƙetare Sahara, kan cakuɗu da 'yan gida irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe. Masunta da masu kwalekwale na yankin sun san inda kowanne ke kwana da lokacin da yake tashi, kuma mai hoton da ya raina iliminsu zai dawo da hoton ruwa da ciyawa.

A nan ne wasan yake zama aiki. Akwai garuruwan Arewa da ba a taɓa rubuta irin tsuntsayen da ke cikinsu ba. A Filato akwai wani ɗan tsuntsu mai jan baya da ke zama cikin duwatsu, wanda sai a 1998 masanin tsuntsaye Robert Payne ya bayyana shi a matsayin iri na daban, alhali yana nan gefen Jos tun fil azal. A dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma daga can ne aka soma shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa-kai suna shiga suna rubuta abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Da yawansu ɗalibai ne da ma'aikata, ba furofesoshi ba. Idan ɗayansu ya ce ya ga wani tsuntsu inda ba a san shi ba, abin da masu tantancewa ke fara nema shi ne hoto. Ba sa damuwa ko ya yi kyau. Ya dai nuna baki da ƙafa da launi, da ranar da aka ɗauka da wurin. Manhajoji irin su iNaturalist da eBird ma haka suke karɓa. Hoton gauraka mai dishi-dishi da aka ɗauka a wata fadama ta Yobe, tsuntsun da ya yi ƙaranci matuƙa a Nijeriya, ya fi kyakkyawan hoton tantabara amfani wajen masana.

Sai dai akwai iyaka. Matsa wa sheƙa har uwa ta tashi ta bar ƙwai a rana, ko sare reshen da ya tare kyamara, ɓarna ce ko da hoton ya sami dubban masu so a Facebook. Haka kuma ba kowane wuri ake tallatawa ba. Ungulun da a da ke cika mahautan garuruwa ta shiga jerin halittun da ke dab da ƙarewa tun 2015, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne farautarta don sayar da sassan jikinta ga masu tsibbu. Wanda ya saka hoton sheƙarta tare da sunan unguwa ya yi wa mafarauci jagora kyauta.

Hoton daji da duwatsu da ruwa ya fi sauƙi, tunda su ba sa tashi. Nan ne ma faɗin kyamarar waya ke da rana. Dutsen Kufena a Zariya, Dala a Kano, ruwan Matsirga kusa da Kafancan, ƙoramar Wikki a Yankari, ko raƙuman dawan Kure da ke kimanin kilomita 60 daga Yamai, duk ana samun su da waya. Abin da ya fi ɓata irin waɗannan hotuna shi ne karkacewar layin da sama ta haɗu da ƙasa, da rashin wani abu a gaba, ko da kwalekwale ne ko makiyayi, da zai nuna girman wurin. Hazon hunturu yana kashe launi ya shafe nesa, amma yana ba da ranar da ake iya kallo da ido, ja jawur a bayan giginya. Sararin da ya fi kowane tsabta kuwa bayan an ɗauke ruwan sama ake samun sa. Wanda zai daure ya riƙa ɗaukar wuri ɗaya daga tsayawa ɗaya duk shekara zai tara shaidar da ba kowa ke da ita ba: a yankin Haɗeja, alal misali, tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa tafiyar ruwa ta canza, kacala ta cinye hanyoyin ruwa da gonaki, kuma ƙalilan ne ke da hoton yadda mashigin garinsu yake kafin haka. Ba sai an faɗa ba, a halin tsaron da ake ciki ba a ɗaga kyamara kusa da shingen sojoji, baƙo kuma ya fara gaida mai unguwa kafin ya shiga gonakin mutane.

Da yawa daga masu wannan sha'awa a madafa suke ƙarewa, musamman mata masu sayar da abinci daga gida waɗanda hoton da suka ɗora a WhatsApp ko Instagram shi ne shagonsu. Abincin Hausa kuwa yana da gardama a gaban kyamara. Tuwon shinkafa fari ne sol, miyar kuka kore mai duhu, kyamara kuma ba ta iya gamsar da su biyun a lokaci guda: ko tuwo ya ƙone, ko miya ta koma kamar taɓo. Filasha ƙara dagula lamarin take yi, don tana sa man da ke kan miya ƙyalli. Ƙwan lantarki na ɗaki kuma yana rina abinci ruwan ɗorawa ko shuɗi-shuɗi. Abin da ke aiki shi ne a kashe wuta, a kai kwanon bakin ƙofa ko taga inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukan sa, a bar hasken ya zo daga gefe. Farin faranti ko farar takarda a ɗaya gefen zai mayar da haske ya rage inuwa. Kafin komai a goge gilashin kyamarar, domin tururi da maiƙon yatsa sun ɓata hotunan girki fiye da kowace araha ta waya.

Abinci mai shimfiɗa, kamar waina a faranti, kilishi, ko ɗanwake da ƙwai da tumatir da yaji a kai, daga sama tsaye ya fi fitowa. Mai tudu, irin malmalar tuwo ko dambu, daga gefe ake ɗaukar sa, kamar yadda mai zaune zai gan shi. Tururi ba ya bayyana sai bayan kwanon ya yi duhu kuma haske na zuwa daga baya. Fura da nono a ƙwarya, da ludayi da faifai a gefe, ba ta buƙatar wani ado, kuma ta fi kyau a kan tabarma fiye da kan teburin gilashi da furen roba. Abincin buɗa-baki ne ya fi wuya, tunda yana kammaluwa daidai lokacin da haske ke tafiya. Masu dabara kan zuba faranti ɗaya tun kafin rana ta faɗi su ɗauka.

Akwai kuma ɗabi'ar kwaso hoton girkin wata daga intanet a yi tallar nata da shi. Ban da yaudarar mai saye, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ɗauki hoto a matsayin aikin mai shi, ko da da waya aka ɗauka. Mai son kare nasa ya adana na asali, domin WhatsApp yana matse hoto ya kuma cire bayanan rana da wuri da ke ɓoye a cikinsa, sai fa idan an tura shi a matsayin fayil. Na asalin nan shi ake nunawa idan gardama ta tashi kan wanda ya ɗauka, kuma shi masu tantance tsuntsaye za su nema. Ajiye kwafi a Google Photos ko a kwamfuta aikin 'yan mintoci ne, ga wayar da ke iya faɗawa ruwa a Nguru ko a fizge ta a kasuwa.