Ko Kun Sani?

Mace ta farko da ta kai muƙamin Manjo Janar a rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya likita ce, wato Aderonke Kale, ƙwararriya a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta shiga aikin soja a 1972. A 1994 ta sami wannan muƙami, ta kuma shugabanci sashen kiwon lafiya na rundunar, wato reshen da ke kula da asibitocin soja da horar da ma'aikatansu, tare da tabbatar da cewa kowane soja yana da ƙoshin lafiyar da aikinsa ke bukata. Nauyi ne babba ƙwarai, domin har iyalan sojoji mazauna bariki a waɗannan asibitoci ake duba su.